Yadda ake gane tallan damfara in za ka sayi jirgin ruwa na hannu a intanet

Yanzu cinikin jirgin ruwa ma ya hau waya. Da can in mutum yana son kwalekwale ko injin jirgi sai ya sauka kwata, ya nemi sarkin ruwa ko wani dillalin da kowa ya sani, a zagaya da shi ya gani da idonsa, amma yanzu kana kwance a ɗaki za ka buɗe Facebook ko Jiji ko wani guruf na WhatsApp ka ga an jero jirage na faiba da injina Yamaha har da farashi. Akwai masu sayarwa na gaskiya a ciki, sosai ma. Amma 'yan damfara sun gane cewa mai neman jirgi yawanci yana nesa da inda kayan suke, mutum yana Yauri ko Malale ko Baga, kaya kuma an ce suna Legas ko Warri ko Fatakwal, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, wani gonarsa ya sayar, wani adashi ya ɗauka. Toh ga yadda za ka bi abin daki-daki kafin ko naira ɗaya ta fita daga asusunka.

Ka fara da sanin farashin kasuwa tun kafin ka buɗe talla. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Ka kira mutum biyu ko uku da suke harkar, mai fito, bakaniken injin jirgi, mai shagon sifiya, ka tambaye su nawa sabon Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40 ko 75 yake a yau, nawa kuma ake sayar da na hannu mai lafiya. Ka tambaya a satin da za ka saya, domin farashin inji yana bin dala ne, na bara ba zai yi maka amfani ba. In ka riƙe wannan lissafin a kai, duk tallan da ka ga an sa rabin kuɗin kasuwa sai ka tambayi kanka, me ya hana mai shi ya sayar wa maƙwabcinsa a kwatar garinsu? Inji mai kyau ba ya kwana a bakin ruwa, masu so suna nan tsaye. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai dai ka sani waɗanda suka ƙware ba sa karya farashi sosai yanzu, suna rage kaɗan ne kawai yadda zai ja ka ba tare da ka tsargu ba, don haka farashi daidai ba shaida ba ce ta gaskiya.

Na biyu, hotunan. Ka daina kallon jirgin tukuna, ka kalli bayansa. An ce jirgi yana New Bussa amma a bayan hoton ga dandamalin katako mai kyau da jirage farare jere, ga wasu itatuwa da ba ka taɓa gani a ƙasar nan ba, ga mota mai lambar waje. Jiragen Amurka suna da lambar rajista a gefen gaba da take farawa da haruffa biyu na jiha, misali FL na Florida ko TX na Texas, in ka ga irin wannan a jirgin da aka ce yana Lokoja to ko dai tokumbo ne da aka shigo da shi, sai mai shi ya nuna takardar kwastan, ko kuma hoton kawai aka sato. Ka sauke hoton a wayarka ka saka shi a Google Lens, zai nuna maka wuraren da hoton ya taɓa fitowa. Sau da yawa za ka tarar da hoto ɗaya a tallan Legas, a tallan Accra, a wani shafin Turawa na shekaru biyar da suka wuce. Wasu suna juya hoton hagu ya koma dama ko su yanke gefe don kar binciken ya kama, saboda haka ka duba rubutun jikin inji, in ka ga ya karanta a juye ka san an taɓa hoton. Kuma ka lura ko duk hotunan jirgi ɗaya ne, wani lokacin hoton farko kujeru shuɗaye na uku farare, wai duk abu ɗaya.

Sai ka koma kan mai tallan. A Facebook ka shiga shafinsa ka ga yaushe aka buɗe, su waye abokansa, akwai hotunan biki da suna da mutane suna masa barka ko kuwa daga hoton jirgi sai na mota sai na janareta duk na sayarwa. In peji ne na kasuwanci akwai wurin da Facebook yake nuna ranar da aka ƙirƙire shi da sunayen da ya taɓa canzawa, ka ga pejin da bara yake sayar da gashin kanti bana ya koma dilan jiragen ruwa. Ka duba ko an rufe wurin sharhi, ko kuma duk masu yabon da salon rubutu ɗaya suke. Lambar wayarsa ka saka a Truecaller, ka kuma rubuta ta a Google da Facebook, wani lokacin wanda aka cuta kafin kai ya riga ya yi kuka da ita. In ya ce kamfani ne, shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da wurin binciken suna kyauta, amma ka sani ɓarawo yana iya aron sunan kamfanin gaske, abin da zai raba gardama shi ne sunan asusun da zai ba ka, zan zo kansa.

Akwai labaran da da zarar ka ji su ka ajiye waya. Wai shi soja ne an tura shi aiki daji ba ya iya haɗuwa. Wai mijinta ne ya rasu tana son ta rabu da jirgin don yana tuna mata shi. Wai yana ƙasar waje, kayan suna hannun kamfanin sufuri, ka biya su kawo maka ka gwada kwana biyar in bai yi ba a mayar maka da kuɗinka. Babbar cikinsu ita ce ta kwastan: mutum da kaki a hotonsa yana cewa gwanjon kayan da aka kama ake yi, ka biya kuɗin fom ko na alokeshan ta asusunsa. Hukumar kwastan ta sha fitowa tana gargaɗi cewa ba ta gwanjo ta Facebook ko WhatsApp, shafinta na gwanjo daban yake kuma ba a biya ta asusun wani mutum. Duk waɗannan labaran aikinsu ɗaya ne, su ba ka dalilin da zai sa ka biya ba ka ga kaya ba.

Yanzu ka kira shi, kira na murya, ba rubutu ba. Ka yi masa tambayoyin da duk mai jirgi zai amsa ko daga barci ya tashi. Tsawon jirgin ƙafa nawa ne? Mutum nawa ko buhu nawa yake ɗauka? In na katako ne wane icce, wa ya ƙera shi, a wane gari, yaushe aka yi masa toshiya ta ƙarshe? In inji ne, ƙafarsa, wato ɓangaren da yake sauka cikin ruwa da farfela, gajeriya ce ko doguwa? Wannan tambayar tana kama su sosai, domin injinan suna zuwa da tsawon ƙafa daban, akwai mai alamar S na jirgin da tsayin bayansa yake wajen inci 15, akwai mai L na wajen inci 20, kuma kai ma dole ka san wanda ya dace da jirginka in ba haka ba farfela ba za ta zauna daidai a ruwa ba. Ka tambaye shi yadda yake haɗa mai da fetur, su Enduro ai sai an gauraya musu bakin mai a cikin fetur. Wane bakanike ne yake duba masa, a wace kwata yake ɗaure jirgin, wa ye shugaban 'yan jirgi a wurin? Mai gaskiya har ya gundure ka da bayani, zai ma faɗa maka aibin kayan da kansa, "kabireta tana ɗan ba da matsala da safe". Ɗan damfara kuwa komai lafiya lau, komai "ba matsala Alhaji", kuma kowace amsa sai ta dawo kan cewa akwai wani da zai biya yau da yamma, in kana so ka tura kafin alƙalami a riƙe maka. Kuma don Allah kar jin Hausa a bakinsa ya kwantar maka da hankali, ko yawan rantsuwa da sallama, ba su da wahalar koya, kuma a cikinmu ma akwai masu yi.

In ya tsallake wannan sai bidiyo. Ka ce masa kiran bidiyo kake so yana tsaye a gaban jirgin. Zai iya cewa netwok ba kyau a bakin ruwa, kuma gaskiya ne kwatoci da yawa ba sabis, to ba faɗa, sai ka ce ya ɗauki bidiyo ɗaya wanda ba a yanke ba: ya ambaci sunanka da ranar yau, ya nuna fuskarsa, ya ɗora takarda da wata kalma da kai ka zaɓa a kan injin, sannan ya matso da kyamara kan lambar inji har ta karantu, ya ja ya tayar da shi a cikin ruwa. Abin da kai ka tsara a take, wanda ba shi da kayan ba zai iya kawo shi ba, tsohon bidiyon wani kawai yake da shi. A injin Yamaha lambar tana kan wani ɗan faranti ko sitika a jikin maƙalar da ake ɗaure injin da bayan jirgi, ta gefen hagu, da samfurin injin da lambar siriyal. Ka rubuta ta ka ajiye. In an kankare wurin, ko an shafe shi da fenti, ko an ce sitikar ta faɗi, ka ɗauka injin sata ne har sai an tabbatar maka da akasin haka, satar injin jirgi abu ne da ake yi da dare a kusan kowane ruwa, kuma ranar da mai shi ya gane kayansa a hannunka kai ne a ofishin 'yan sanda, ga asarar kuɗi ga tuhumar karɓar kayan sata.

Jirgin faiba da aka shigo da shi daga Amurka kuma yana da tasa lambar a jikin gangar jirgin, harufa da lambobi 12, a bayan jirgi ta sama gefen dama. Tun 1972 doka ta wajabta ta a can. Ukun farko alamar kamfanin da ya ƙera ne, biyun ƙarshe kuma a jiragen da aka yi daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau shekarar samfuri ce, saboda haka in an ce maka jirgin 2015 ne lamba ta ƙare da 98 ka ga inda zancen ya karye. Kwalekwalen katako da aka ƙera a gida ba shi da wannan, shaidarsa mutane ne, wanda ya ƙera da waɗanda suka san shi a kwata. In jirgin haya ne ka nemi takardar rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lokoja, in a Legas ne akwai LASWA ta jiha. Takarda da aka turo ta WhatsApp kowa na iya haɗa ta a shagon kwamfuta, ofishin yankin za ka je ko ka aika a duba.

Duk abin da na lissafa tacewa ce kawai don kar ka ɓata kuɗin mota. Ba a cinikin biri a sama, sai ka je, ko ka tura wanda kai ka zaɓa, ba wanda mai kaya ya haɗa ka da shi ba. In garin nesa ne ka nemi ɗan garinku da yake can, ko ta hannun Sarkin Hausawan wurin, ko ƙungiyar 'yan jirgi, ka biya bakanike kuɗin aikinsa ya raka shi. Da rana za a haɗu, a kwata inda jama'a suke, ba a wani lungu ko gidan da babu kowa ba, kar ka je kai kaɗai, kar ka ɗauki tsabar kuɗi a jiki, ka bar wa na gida sunan wurin da lambar mutumin. Halin da ake ciki na garkuwa da mutane ba sai na faɗa maka ba.

To a nan ne akwai tarkon da yake cin har masu wayo, ka karanta shi da kyau. Jirgin na gaske ne, mai shi ma na gaske ne, amma wanda kake magana da shi ba shi ba ne. Ɗan damfara ya ga tallan wani bawan Allah, ya kwafe hotunan ya sake sakawa da farashi mai sauƙi da lambarsa. Kai ka kira shi kuka daidaita. Sai ya kira mai jirgin na asali ya ce ni dillali ne, ko na saya wa ƙanena, zai zo ya duba amma kar ka yi zancen kuɗi da shi don akwai la'adata a sama. Kai kuma ya ce maka wanda za ka tarar a wurin yarona ne, ko direban jirgin, kar ka yi maganar farashi da shi, in kaya sun yi maka ka turo min. Ka je, ka ga jirgi, ka taɓa, an tayar da inji, har an zagaya da kai a ruwa, hankalinka ya kwanta ka tura kuɗi asusun wancan na waya. Ka ce a ba ka kaya, mutumin ya ce wane kaya, ni ban ga alat ba. A kira wancan, waya a kashe. Ku biyu an bar ku kuna cacar baki, kowa yana ganin ɗayan ne ɓarawo. Maganin abin ba wuya, kunya ce kawai take hana mutane: da ka isa ka tambayi wanda yake tsaye, jirgin nan na waye, nawa ake sayar da shi, wa zan biya? Ka faɗi farashin da aka gaya maka da ƙarfi a gaban mutane. Duk cinikin da aka ce kar ka yi zancen kuɗi da wanda kaya suke hannunsa, ka fasa shi.

Wajen dubawa kuma, tunda damfara ba ta tsaya ga kayan da babu ba, har da kayan da ba su kai yadda aka faɗa ba. Ka taɓa kan injin kafin a tayar, ya kasance a sanyaye, wasu suna ɗumama shi kafin ka zo don ya tashi da ja ɗaya. Kar ka yarda a tayar da shi a tudu babu ruwa, robar famfon da take jan ruwan sanyaya inji tana lalacewa cikin ɗan lokaci. In ya tashi ka duba ɗan ruwan da yake tsartuwa ta baya, ya fito da ƙarfi. Bakanike ya cire filogi ya gani, ya auna ƙarfin matsin kowace silinda in yana da abin awo, su kasance kusa da juna, ya kwance ƙusar man giya ta ƙasa, in man ya fito fari-fari kamar an zuba madara ruwa yana shiga. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri irin na gaɓar teku za ka ga farin gari da tsatsa a ƙusoshi in an buɗe murfi, ko da waje yana ƙyalli. Akwai kuma injinan China masu siffar Yamaha da ake musu fenti a manna sitika, su ma suna da kasuwarsu da farashinsu, laifin kawai a sayar maka da su da kuɗin na asali, bakaniken da ya saba zai gane da ya ɗaga murfi. Ganga kuwa, sabon fenti abin tuhuma ne. Faiba ka ƙwanƙwasa ta ko'ina, musamman bayan da inji yake rataye, in ya ba da sauti a dushe ko ya motsa in ka danna ƙafar inji to katakon ciki ya ruɓe. Na katako ka soka tsinken ƙarfe a gindin allunan da mahaɗa, ka sa a ɗora kaya a bar shi a ruwa ka ga yawan ruwan da yake sha. Wannan ba zancen kuɗi kaɗai ba ne in fito za ka yi da shi, kowa ya tuna jirgin da ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da mutane sama da ɗari a ciki.

Biya shi ne na ƙarshe, kuma a wurin ake yi, kaya a gabanka. Sunan da ya fito a asusun banki ya zama shi ne sunan da yake kan katin shaidar mutumin da yake tsaye, na NIN ko lasin tuƙi ko katin zaɓe, kuma shi ne a kan rasit ɗin asali in akwai. "Tura ta asusun matata" ko "na akawunmu" ko na wani mai POS, a'a. Asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay ba laifi ba ne, 'yan kasuwa da yawa da su suke aiki, sunan ne abin dubawa. A wurin bayanin turansfa ka rubuta kuɗin jirgi da lambar inji. A rubuta takardar ciniki da sunayenku, lambar inji, tsawon jirgi, farashi, kwanan wata, shaidu biyu daga kowane ɓangare, in sarkin ruwa ko shugaban ƙungiya ya sa hannu ya fi, ku yi hoto tare da kayan. Kar ka biya da katin kyauta ko kirifto, kar ka danna wani link da aka ce na kamfanin riƙon amana ne da zai ajiye kuɗin har kaya su iso, yawanci shi mai tallan ne ya gina shafin, kuma ba wani ciniki a duniya da yake buƙatar lambar sirrin da banki ya turo maka ko PIN ɗinka. Motar da za ta ɗauko kayan kai za ka nemo ta a tasha, ka tsaya a loda. In ka bar wa mai sayarwa wannan, gobe wani zai kira ka wai shi ne direba, an tare shi a shingen hanya sai ka turo kaza, jibi kuma taya ta fashe. In cinikin na tsallaken iyaka ne, Nijar ko Chadi ko Kamaru ko Binin, ka ƙara da takardar kwastan a kan duk wannan.

In kuma an riga an ci kuɗin, awannin farko su ne komai, domin suna rarraba kuɗin zuwa wasu asusun nan take. Ka kira bankinka a lokacin, ka kuma je reshe da kanka ka rubuta ƙorafi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga a dakatar da asusun, ka karɓi lambar ƙorafin. Ka ɗauki hoton tallan, hirarku, lambar waya da rasit ɗin turansfa kafin ya goge ko ya toshe ka. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, banki zai nemi wannan takardar kuma sau da yawa sai da odar kotu ake iya dawo da kuɗi, ka kuma kai wa EFCC, suna da ofis a Kano, Kaduna, Sakkwato, Maiduguri, Gombe da sauran manyan birane. Ka kai ƙarar tallan a shafin da ka gan shi don a sauke. Bayan kwana biyu wataƙila wani zai rubuto maka ya ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin aiki, wannan su ne dai suka dawo ko 'yan'uwansu, ka toshe lambar.